Katako a Ƙarƙashin Totur

Goggo Noelene yayar babana ce. Shekara talatin ta yi tana rabon wasiƙa a gonakin da ke kudu da Mildura, a cikin motarta, bisa kwangila. Ba wasiƙa kaɗai take ɗauka ba, har da magani da jarida da burodi, wata rana ma 'yan tsaki a kwali suna ta tsuwwa a kujerar baya. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannunta na dama ya fi na hagu duhu saboda ranar da yake sha ta taga, don a wajenmu direba a dama yake zama. Ba ta cika yabon kanta ba sai a kan abu ɗaya: duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa buge kangaru ba, wato babbar dabbar dajin nan mai tsalle da ƙafafun baya. A wajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da wuya ka ga motar da gabanta bai lotsa ba. Dabararta ba mai tsawo ba ce. Ba ta hawa titi sai rana ta ɗaga, kuma ba ta yarda rana ta yi ja tana kan hanya, domin a lokutan nan biyu ne suke fitowa bakin kwalta cin ciyawa.

Mijinta, Kawu Des, askin tumaki ya yi tun yana saurayi har bayansa ya ƙi. Suna zaune a Tarrangee, a gidan da mahaifinsa ya gina, mai rufin kwano, da itatuwan zaitun a baya da 'yan kaji. Garin bai fi gida goma ba yanzu. Shago ya rufe, coci ya rufe, rumbun alkama ne kawai ya rage a tsaye.

Bara waccan ƙodar Kawu ta daina aiki. Sai wankin ƙoda, Litinin da Laraba da Juma'a, a asibiti a Mildura, kilomita ɗari da hamsin zuwa, haka kuma dawowa. Motar da suke da ita ita ce tsohuwar motar wasiƙa, babba, mai silinda shida, mai shan mai kamar an huda tankin. Fanshonsu bai iya ciyar da ita.

Ɗansu ɗaya ne, Yaya Brenton, yana aiki a kamfanin matse lemu a Mildura. Ya samo musu wani ɗan gidan haya, ɗaki da falo, kusa da asibitin. Ina wurin ranar da ya zo da maganar. Na gama jami'a a Adelaide ke nan, na aika takardun neman aiki ko'ina ba amsa, na ce bari in je wurin Goggo in yi wata guda.

"Mama, ku rufe nan ku dawo gari," in ji Yaya Brenton. "Titin nan zai ƙarasa ku ku biyun."

"Titin nan ne ya biya maka kuɗin makaranta."

"Lokacin kina da ƙarfi. Lokacin kuma mai yana arha."

"Ƙarfina yana nan. Man ne matsala, shi kuwa zan san yadda zan yi da shi."

"Yaya za ki yi? Rijiyar mai za ki haƙa bayan gida?"

"Babanka a ɗakin can aka haife shi. Ba zan kai shi akurki ya ƙarasa kwanansa ba."

Kawu Des yana kan kujerarsa da bargo a gwiwa, yana jin ƙwallo a rediyo.

Aka tsaya a kan haka: in ta iya kai shi ta dawo da shi da abin da fansho zai ɗauka, ba tare da Yaya Brenton yana cika musu ba, za su zauna a gidansu. In ta kasa, sai gari.

Ta sayar da babbar motar ga wani mai aikin shinge, muka shiga neman ƙarama ta hannu. Kawu yana kan na'urar wanki a asibiti, mu kuma muna yawo gida gida. Abin da take so a fili yake: ƙarama, mai giyar hannu, fara don kada ta ɗauki zafi. Kyau ba ya cikin lissafinta. Wadda ta yi mata a gidan wani tsohon manomin inabi muka same ta, Mista Kostoglou. Motar matarsa ce da ta rasu, 'yar Japan mai silinda uku, fentin rufinta ya ɓare, da ɗan ƙarfen kariya a gaba irin wanda kowa ke sawa saboda kangaru.

Ya miƙa wa Goggo makulli ya ce, "Kunna ki ji injin."

"Injin yana iya ƙarya. Tahlia, shiga ki sa ta a firi, ki saki birkin hannu."

Na shiga. Ta dafa but da hannu biyu ta tura, ta saki. Motar ta yi ta gangarawa a hankali a kan simintin tsakar gidan, ba ƙara ba gurnani, har ta kusa ɓauren da ke bakin ƙofa kafin ta tsaya.

"Baiwar Allah, mota kika zo saye ko baro?" in ji tsohon.

"Motar da ba ta son tafiya da kanta, cin hancin mai za ka yi ta ba ta. Matarka tana gudu da ita?"

"Gudu? Coci da kasuwa. Yara a keke suna wuce ta suna gaishe ta."

"To ba za ta ji an canza hannu ba."

Ta leƙa salansa, ta shafa yatsa a ciki ta duba, ta shinshina baƙin mai. Ba su daɗe a ciniki ba. Ya ɗora mana kwalin lemu kyauta, ta tsaya tana kallon kwalin kamar za ta ce ya yi nauyi, sannan ta yi godiya.

Daga nan ranakun da ba a zuwa asibiti suka zama na rumfar mota. Ta kawo sikelin banɗaki ta ajiye a ƙofar rumfar, duk abin da ta cire sai ta auna shi, don ta ji daɗin ganin abin da ta sauke. Kariyar ɗaukar kaya ta saman rufi ce ta fara tafiya. Sai kafet, sai robobin cikin but, sai babban ɓarin kujerar baya. Ta bar ƙaramin ɓarin saboda ni, tana cewa da ina da noti da ni ma ta kwance ni. Ta cire bel ɗin na'urar sanyi. Akwatin kayan aikin da ya yi shekara talatin yana bin ta ma ta sauke shi, ta bar safaya da jak da sifanar taya kawai. Ta canza fulogi, ta zuba baƙin mai mara kauri, ta cika tayoyi da iska har sai da kowace 'yar tsakuwa muke jin ta a haƙori. Ta sayo faifan gasa fiza huɗu ta rufe bakin tayoyin da su, wai don kada iska ta riƙa shiga tana jan su. An gama zaɓe bai daɗe ba, allunan roba na 'yan takara suna zube a bakin hanya. Ta tsinto uku, ta kwanta a ƙasa ta ɗaure su a cikin motar daga ƙasa, ya zama sumul daga gaba har baya. Fuskar ɗan takarar tana kallon kwalta.

Kawu Des ya fito da sandarsa ya duƙa ya leƙa. "Karon farko ke nan da mutumin nan zai ga halin da titinmu yake ciki," ya ce.

Ƙarfen gaba ne na ƙarshe. Ta yi kwanaki tana zagaya shi. Ranar da ta ɗauko sifana, Kawu ya ce, "Wannan kam ki bar shi, direba."

"Tsoho, ka ɗaga shi ka ji. Ga nauyi, ga tare iska. Ƙarfen masu tuƙin almuru ne. Ka taɓa ganin almuru ya same ni a titi?"

"Ban taɓa ba."

"To."

Ya koma ciki. Ta jingine ƙarfen a bangon rumfa.

Katakon kuwa saboda ni aka sa shi. Ran Laraba ni ke tuƙi don ta huta, sai ta lura duk ranar da na tuƙa tanki ya fi sauka.

"'Yar boko, ƙafarki nauyi gare ta. A jami'ar ba a koya muku haƙuri?"

"Goggo, tireloli ne suke taho mini a baya. Tsoro nake ji."

"Su wuce mana. Titin na ubansu ne?"

Washegari ta yanko guntun katako ta sa a ƙarƙashin totur, ta ɗaure shi a ƙasan motar da sukuru biyu dogaye, da injin huda, har kawunansu suka nutse cikin katakon. Komai takawarka, motar ba ta wuce saba'in da biyar a shimfiɗaɗɗen titi. Ta ce ita ma ya yi mata amfani, don in ta gaji ƙafarta takan manta.

Kuma abin ya yi aiki. Man da babbar motar take sha a tafiya ɗaya, wannan sai ta yi mako da shi. Goggo ta kira Yaya Brenton ta gaya masa, ya ce ya ji, ta ce a'a, ya sake ji. Kwanakin nan na ga fuskarta ta saki.

Amma titin bai rage tsawo ba, ƙaruwa ma ya yi. Tafiyar da mutane ke yi a ɗan lokaci mu sai mu yi ta ja. Tireloli masu jan bodi uku su biyo mu su danna hon, su wuce, iskarsu ta kaɗa mu gefe. Da zafi, ba na'urar sanyi, kuma ba ta son a sauke gilashi sosai, sai tawul jiƙaƙƙe a wuya. In Kawu ya fito daga wanki fuskarsa takan yi toka-toka. Ya jingina kai da ƙofa, ba barci ba ido biyu ba, kowane rami ya girgiza shi. Wani lokaci a tsaya ya yi amai a bakin hanya, Goggo ta riƙe masa goshi, ta ba shi ruwa ya kurkure, mu ci gaba. Mu isa gida, ya kwanta, washegari ma yawanci a kwance yake wuni. Wata gudan da na ce zan yi ya wuce tuntuni, ban ma ƙara duba saƙonnin neman aikin ba.

Sanyi ya shigo, rana ta fara saurin faɗuwa. Goggo tana lura da ita, kullum mukan isa gida da sauran haske.

Wata Juma'a a watan Yuni, tsakiyar sanyi a wajenmu, jinin Kawu ya sauka bayan wanki. Ma'aikatan jinya suka ce ya kwanta sai ya dawo daidai, kuma gaskiyarsu ce. Da muka fito rana ta riga ta karkata.

"Mu kwana wurin yaron nan," in ji Kawu, muna sa shi a mota.

"Kaji suna waje. Dila zai shiga."

"Kaji ne, Noelene."

"In muka kwana sau ɗaya, shi ke nan ya sami bakin magana. Shiga dai. Yau zan ba ta mai ta sha, mu riga rana."

Muka fita gari, muka wuce gonakin inabi, titi ya miƙe. Ta taka totur. Na ga cinyarta ta ɗaure, ta ƙara takawa, allura tana nan inda ta saba tsayawa. Ita da ta ɗaura katakon da hannunta, ta manta da shi. Ta ci gaba a haka wani lokaci, tana kallon titi tana kallon rana. Can ta sauka gefe.

"Tahlia, ba ni sukudireba."

"Yana cikin akwati, Goggo."

"To ɗauko mana."

"Akwatin yana rumfa."

Ta durƙusa a bakin ƙofa ta cusa kai ƙarƙashin sitiyari. Ta gwada makullin gida, ta gwada kwabo, ta gwada wuƙar shafa man shanu da muke yawo da ita a kwandon abinci, bakin wuƙar ya lanƙwashe. Ta sa sifanar taya ta doki katakon, ko motsi bai yi ba. Ita ta zaɓi itacen, mai taurin gaske, don kada ya tsage. Duk lokacin nan rana tana sauka.

"Mu juya," in ji Kawu a hankali.

"Mun yi nisa. Juyawar ma almuru ne."

Ta shiga ta ja. Ta sa ni in zuba ido a gefen hagu, in na ga abu ya motsa in yi magana. Na ga da yawa. Suna tsaye cikin ciyawa, kunnuwa a miƙe, wasu su dube mu su ci gaba da ci. Ina ta cewa ga ɗaya, ga biyu, tana rage gudu tana ƙarawa. Sama ta yi ja, sannan ta yi toka, lokacin da fitila ba ta haska komai kuma ido ba ya gani sosai.

Wanda ya same mu ban gan shi ba. Ƙato ne, namiji, ya fito daga bayan wani kurmi ya dira a gabanmu. Ƙarar kawai na ji. Bonet ya naɗe ya taso, gilashi ya farfashe ya yi fari, tururi ya turnuƙe daga lagireto. Motar ta juya ta tsaya da hanci a cikin yashi. Ba nauyin da zai riƙe ta, ba ƙarfen da zai tare.

Goggo ce ta fara magana. "Des."

Ashe Kawu ya kai hannunsa na hagu ya tare gaba, hannun da ake sa masa allurar wanki. Wurin ya buɗe. Bayan wanki jini ba ya saurin tsayawa, saboda maganin da ake sa musu. Ban san jini yana fita haka ba. Ta zare ɗankwalin wuyanta ta naɗe, ta danna babban yatsanta a kai da dukan ƙarfinta, ta ɗaga hannun sama.

"Tahlia, waya."

"Ba sabis."

"To fita titi ki tsaya. Kada ki dube mu, titi za ki duba."

Na tsaya a tsakiyar kwalta da farar rigata a hannu. Kangarun yana gefe bai mutu ba, ƙafarsa tana ta shure ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Wata tirela mai bodi uku ce ta zo, irin masu danna mana hon, ta yi ta jan birki har ta wuce mu da nisa kafin ta tsaya. Direban ya taho da gudu, ya leƙa, ya koma ya kira motar asibiti ta rediyonsa. Ya kawo tawul da bargo. Sannan ya ɗauko wani ƙarfe ya nufi wurin dabbar don ya ƙarasa ta, ya ce mini in juya baya. Na juya, amma kunnena a buɗe yake. Har yau in aka rufe but ɗin mota da ƙarfi sai in tuna da ƙarar nan.

Goggo ba ta ɗaga yatsanta ba har motar asibitin ta iso. Sai da suka ɓamɓare hannunta, ya ƙage.

Kawu ya rayu. Hannun dai ya lalace, aka koma yi masa wanki ta wani bututu a ƙirji, aka riƙe shi a asibiti. Motar kuwa 'yan gwangwan suka ja.

Kwana kaɗan bayan haka muna zaune a gefen gadonsa, ni da Goggo da Yaya Brenton. Ita tana riƙe da jarida, shafin motocin sayarwa, da tabo a goshinta inda sitiyari ya same ta.

"Akwai irinta a Red Cliffs," ta ce. "Wannan karon zan bar ƙarfen. Katako kuma ba zan sa ba. Akwatin kaya ma zai koma. Ko da hakan za ta yi."

Yaya Brenton ya buɗe baki, Kawu ya ɗaga masa yatsa.

"Noelene, na gaji."

"Kowa ya gaji, tsoho."

"Ba irin wannan ba. Litinin mota, Talata kwanciya, Laraba mota. Yaushe rabon da in zagaya bayan gida in ga zaitun ɗin nan? Kina ta faɗa don in zauna a Tarrangee. Ni kuwa na daɗe ba a can nake ba. A kujerar hagu ta fasinja nake zaune."

Ta sauke jaridar. "Tun yaushe?"

"Tun kafin ki sayi 'yar motar."

"Me ya hana ka faɗa? Bakinka ma wanki yake so?"

"Na fito zan faɗa miki sau da yawa. Sai in tarar da ke kwance ƙarƙashin mota, ƙafafu a waje, kina waƙa. Rabon da in ji kina waƙa tun kin bar wasiƙa. Sai in koma ciki."

Wata ma'aikaciyar jinya ta shigo ta duba na'ura ta fita. Goggo tana ta murza babban yatsanta, wanda har lokacin bai gama saki ba.

"Ashe ni kake rakawa," ta ce.

"Wani ya raka ki mana. Shekara talatin ke kaɗai kike yi."

Ta ninke jaridar ta sa ƙarƙashin kujera. Ta juya wurin Yaya Brenton ba ta dubi idonsa ba.

"Akurkin naka yana nan, ko an ba wani?"

"Yana nan, Mama."

"Akwai matakala?"

"Babu. A ƙasa yake."

"To ka gaya musu."

Kafin wata ya ƙare suka tare. Kajin ta ba maƙwabciyarsu, gidan kuma aka kulle shi kawai, don ba mai sayen gida a Tarrangee. Daga ƙofarsu zuwa asibiti tafiyar ƙafa ce, in Kawu ya ji ƙarfi yakan taka da kansa, yana hutawa a kan wani benci. Ya ɗan yi kumari, har ya koma yin musu da rediyo a kan ƙwallo.

Ni na koma Adelaide, ina aikin wucin gadi a wani ɗakin gwajin ƙasa. In zan zo duba su motar safe nake hawa, in zauna nesa da taga.

Zuwana na ƙarshe Yaya Brenton ya zo da makullin tsohuwar motar matarsa, ya ajiye a kan tebur. Ya ce lafiyarta ƙalau, ba ta shan mai, ko kasuwa Mama ta riƙa zuwa da ita. Goggo ta ɗauki makullin ta juya shi, ta tambaye shi giyar hannu ce, ya ce e. Ta tura masa abinsa.

"Ba inda za ni," ta ce.

Ta kwashe kofunan shayi ta wanke, ta ce mu yi hira da Kawu, ita za ta ɗan kishingiɗa. Rana tsaka ce. Ta shiga ɗaki ta ja ƙofa, har na tafi tasha ba ta farka ba.